Madubin Malama Durƙusau

A makarantarmu ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Malama Durƙusau muke ce mata, har masu sayar da alawa a bakin ƙofa haka suka san ta. Sunan ya samo asali ne daga yadda take magana da yara. Ba ta taɓa yi wa yaro magana daga tsaye. Ko hanyar bayi ya tambaye ta, sai ta tattare zaninta ta durƙusa a gabansa, fuskarta daidai da tasa, ta zuba wa bakinsa ido kamar mai jiran albishir. Duk zannuwanta sun koɗe a daidai gwiwa.

Ita ke riƙe da aji ɗaya tun kafin a ɗauke ni aiki, ni kuma aji biyu nake koyarwa, bango ne kawai tsakaninmu. Wato duk shekara ita ke karɓar ɗanyun yara daga hannun iyayensu, da kukansu da majinarsu da fitsarin wandonsu, ta yi ta fama, sannan ta miƙo mini su sun zama mutane. Ko a tsakiyar kasuwa na ga yaron da ya bi ta hannunta zan gane shi. Yaranta ba sa ƙwala kiran malama daga nesa. Yaro zai taso ya zo gabanki, ya taɓa miki gwiwa, ya jira sai kin dube shi, sannan ya buɗe baki. Iyaye suna yaba wannan tarbiyya, ni ma ina yabawa, don ni mai saurin hawa ce, hayaniya tana tayar mini da ciwon kai. Sai dai kafin su yi rabin shekara a ajina duk sun koyi ihu irin nawa.

Wajen manya kuwa labarin ya sha bamban. A ɗakin malamai kallon mai girman kai ake yi mata. Ki gaishe ta daga baya, ta wuce abinta ko waiwaye babu. A yi ta hira ana shewa, ita tana can kusurwa da kofin shayinta, idanunta suna bin fuskokinmu, sai an gama dariya sannan nata murmushin ya iso a makare. Malamin lissafi, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya taɓa cewa ai Malama ba ta kula duk wanda tsayinsa ya wuce tebur. Muka yi dariya, ita ma ta yi bayan mun gama. A hankali aka daina jan ta cikin hira. Idan za a je duba wani malami da ba shi da lafiya, sai an dawo ake tunawa ba ta cikin tafiyar, sai wani ya ce ai an faɗa mata tana goge allo, ita ce ba ta tanka ba.

Na san gidanta don a kan hanyata yake. Ɗakuna biyu ne a ƙarshen wani lungu, ga shagon mijinta a gaba, a rufe tun rasuwarsa. Tela ne, Allah ya jiƙansa. 'Ya ɗaya suka haifa, tana aure a wani gari mai nisa. Maƙwabta sun ce sun gaji da buga ƙofar da ba a buɗewa alhali ga takalmin mai gidan a bakinta, don haka suka kama kansu. Da rana ta yi sanyi za ki hango ta a kujera kusa da taga, tana gyaran fensiran yara da reza tana jera su a gwangwani.

Ana cikin haka umarni ya zo daga ofishin ilimi. Daga sabuwar shekarar karatu, duk yaron da ya shigo aji ɗaya sai an yi masa gwaji a makonnin farko, shi kaɗai, don a san inda kowa ya faro kafin karatu ya shige shi. Malamar ajin ce za ta yi gwajin da kanta, tunda ita yaro ya fara sabawa da ita. Kowace makaranta kuma ta tanadi ɗaki marar hayaniya, da tebur da kujeru biyu, kafin a dawo hutu.

Hedimastanmu mutumin kirki ne, amma da ya ga takarda mai hatimi sai ya rikice. Ya zaga makarantar nan yana share gumi, ya rasa ɗakin da ya dace sai sito, inda muke jibge karyayyun bencina da tsofaffin taswirori da ƙwallayen da suka sace. Kafin ya nemi masu aiki, Malama Durƙusau ta ce a bar mata. Ita da maigadi suka fitar da tarkacen nan, ta share yanar gizo, ta toshe ramin ɓera, ta shafe bangon da farin fenti da hannunta. Ni an ɗora mini aikin tsaron ƙofa ranar gwaji, in shigo da yaro in fitar da shi, shi ya sa na leƙa wata safiya cikin hutu ina gunaguni. Na same ta a kan benci, goshinta duk fenti.

"Yaya, ke ba kya hutawa ne?" na ce, bayan ta sauko ta juyo gare ni.

"Hutun ne ya fi gajiyar da ni, ƙanwata," ta ce. "Yini ba ya ƙarewa a gidan nan."

Ana gab da komawa makaranta jami'ar ofishin ilimi ta zo koya mana yadda ake gwajin. Matashiya ce mai tsabta, ba ta da wulaƙanci, amma da gani ta gaji, don makarantu da yawa ke kanta. Ta buɗe akwatin katuna masu hotuna da haruffa, ta karanta mana ƙa'idoji. Wasu tambayoyin yaro zai nuna amsa da yatsa, wasu kuma sai ya faɗa da bakinsa. Malama ba za ta ƙara komai a kan abin da aka rubuta mata ba. Ko yaro ya dace ko ya kauce, abu ɗaya za ta ce: na gode, mu je na gaba. Sannan malama da yaro za su zauna gefe da gefe, dukansu suna fuskantar tebur, idon malama a kan kati.

Sai muka ji muryar da ba mu saba ji a taro ba.

"Malama, ba za a zauna gaba da gaba ba?" in ji Durƙusau.

"A'a, Malama," jami'ar ta ce. "Yara sun fi mu iya karanta fuska. Da girarki ta motsa yaro ya san ya kauce, sai ya canza amsa. Mu abin da ke kansa muke nema, ba abin da ke fuskarki ba."

"Yau dai gwiwar Malama ta samu hutu," in ji malamin lissafi. Aka kwashe da dariya.

Daga nan aka ce a gwada. Ni na zama yaro, na takure a 'yar kujerar nan gwiwoyina suna neman taɓa haɓata, ita ta zauna a gefena. Tambayoyin nuni da yatsa suka wuce lafiya. Da aka zo na baki, sai shaƙiyancina ya motsa. Ta nuna mini harafi, maimakon in faɗa, na yi ƙasa da murya na ce kujerar nan za ta kashe mini ƙugu.

"Na gode, mu je na gaba," ta ce.

Na ɗauka tsananin bin ƙa'ida ne. Ta aza wani katin. Wannan karon ban rage murya sosai ba.

"Yaya, ga kyankyaso a ƙafarki."

Matar da na taɓa gani da idona ta ɗare benci saboda kyankyaso, ko gezau ba ta yi ba. Ta jira ɗan lokaci, idonta a kan kati, sannan ta ce na gode, mu je na gaba. Sai a lokacin na gane. Na ƙarasa gwajin ban san me nake faɗa ba.

Na bari kowa ya watse. Tana jera katunan a akwati na zagayo gabanta, na tsaya sai da ta ɗago.

"Yaya, tun yaushe?"

Ta dubi bakina, ta dubi idona. Ba ta tambaye ni me nake nufi ba. Ta je ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna a kujerar yaron.

"Ƙarar keken ɗinkinsa na fara rasawa," ta ce. "Ina cikin gida ina jin shiru, na ɗauka kasuwa ce ta yi masa sanyi, har ina tausayinsa ina rage cefane. Ran nan na leƙa shago, sai na tarar da shi yana ta taka keke, ɗinki ya taru a gefensa. Ina ganin ƙafarsa tana motsi, ba na jin komai."

Ta ce sun je asibiti. An ba ta abin sa wa a kunne, amma a cikin aji sai ya mai da surutun yara kamar ana kifar da kwanoni a cikin kanta, kuma likita ya ce kunnen ya riga ya yi nisa. Ƙararrawa tana jin ta sama-sama, da tsawa, da mota in ta matso. Maganar mutum kuwa sai dai ta gan ta a baki. Mijinta ne ya zame mata kunne. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke amsa gaisuwa a hanya ya taɓa mata hannu ta juya. Dogon madubin da masu kawo ɗinki ke duba kayansu a ciki ya ɗauke daga bango, ya kafa shi a gaban kekensa, yadda ko ya ba ta baya yana aiki, tana daga ƙofar cikin gida tana ganin bakinsa. A cikin madubin nan suka yi hirar shekaru.

"Da ya tafi, ba wanda ya rage da ya sani," ta ce.

"'Yarki fa?"

"Ta san kunnena yana da nauyi, ba ta san ya kai haka ba. Idan waya ta yi haske na ga ita ce, sai in ɗauka in yi ta cewa to, to, Allah ya yi miki albarka, har hasken ya mutu. Tana cewa wayata ce ta lalace. Ban san muryar jikana ba, ƙanwata."

Na rasa inda zan sa idona. Haushi ya kama ni, na kaina da na dukanmu, mu da muke tinƙaho da ilimi muka zauna da mace shekara da shekaru muna ce mata mai girman kai. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa.

"In sun sani za su ce kurma ba ta koya wa yara magana. Su ɗauke ni daga aji ɗaya. To in koma ina? Nan ne kaɗai ake zuwa gabana a yi mini magana."

"Shi ya sa kike koya musu taɓa gwiwa."

Ta girgiza kai.

"Ban taɓa koya wa ko ɗaya ba. Su suke ganewa da kansu, cikin 'yan kwanaki. Yaro zai kira ni daga baya ya ga ban juya ba, gobe sai ya zagayo. Kuma ba wanda ya taɓa kai ƙarata."

Washegari da hantsi sai ga ɗan dako ya turo kura har ƙofar sito, ita tana biye tana riƙe da gefen wani abu dogo da aka naɗe da bargo. Madubin marigayi ne. Katakonsa ya yi baƙi don tsufa, akwai ɗan tsagu a kusurwar ƙasa, har da guntun zaren da ya maƙale a ƙusa. Maigadi ya kafa mana shi a bangon da ke fuskantar tebur. Muka zauna gefe da gefe kamar yadda ƙa'ida ta ce, kanta a sunkuye kamar mai duba kati, idonta kuwa yana can cikin madubi. Na sake ce mata ga kyankyaso. Ta ɗage ƙafafu biyu sama ta saki ƙara, sannan ta kai mini duka a kafaɗa muka yi ta dariya har da hawaye. Tunda na san ta, ranar ce dariyarta ta fara zuwa tare da tawa.

Murnar ba ta daɗe ba. Ana gobe za a buɗe makaranta jami'ar ta dawo duba ɗakin. Ta yaba fentin, ta yaba tsabtar, ta ce a duk makarantun da ta zaga ba ta ga irinsa ba. Hedimasta sai washe baki yake. Sai dai matar nan ta san aikinta. Ta ajiye jakarta, ta zauna a 'yar kujerar yaro don ta ga abin da yaro zai gani, ta ce Malama ta zauna a tata. Ta ɗaga kai.

"Wannan madubin fa sai an cire shi. Daga nan ina ganin fuskarki tar, Malama. In ni na gani, yaro ma zai gani."

Na yi caraf na ce ai don haske aka sa shi, ɗakin yana da duhu. Ta ce a buɗe taga. Na ce yaranmu ba su damu da madubi ba. Ta dube ni da mamaki, ta ce wane yaro ne bai damu da madubi ba? Na ji kamar in shaƙe ta, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ta faɗa. Maigadi ya sauke madubin, aka jingine shi a bayan kabad ɗin ofis, fuskarsa a bango.

Da muka rage mu biyu na ce mata kada ta damu. Ni zan kasa kunne daga bakin ƙofa, in ta saci kallona in yi mata alama da yatsa, sama in yaro ya dace, ƙasa in ya kauce. Ba wanda zai sani. Ta daɗe tana kallon ƙusar da aka bari a bango, sannan ta ce mu ga abin da Allah zai yi.

Aka buɗe makaranta. Sababbin yara suka cika aji ɗaya da kuka, Durƙusau ta koma kan gwiwoyinta, daga wannan ta rarrafa gaban wancan. A cikinsu akwai wata 'yar mitsitsiya, 'yar mai gyaran takalma da ke bakin titi, wadda muka sa wa 'Yar Shiru. Ubanta ya ce ko a gida maganarta ba ta da yawa tun da uwarta ta bar gidan. Ba ta kuka, ba ta wasa, ba ta amsa kowa. Sai da aka kwana biyu sannan na hango ta ta taga, ta je ta taɓa gwiwar Malama, ta faɗi wani abu. Daga ranar ta riƙe gefen zaninta, duk inda ta yi tana biye.

Ranar da aka fara gwaji, da Malama ta nufi sito yarinyar ta ƙi sakin zanin, don haka aka fara da ita. Na zaunar da ita, na koma bakin ƙofa a bayansu. Tambayoyin nuni suka zo, yarinyar nan ta yi ta dangwala yatsa ba ta ko jinkiri. Sannan Malama ta aza katin hoto. Wata mata ce a zaune a ƙofar gida tana kallon hanya.

"Gaya mini abin da kika gani a hoton nan," ta karanta.

'Yar Shiru ta yi magana. Ina ganin kanta yana motsi, ina jin ɗan gunguni, amma ko kalma ɗaya ba ta iso ƙofa ba. Kuma ba gajeriyar amsa ba ce. Yarinyar da ba a taɓa jin ta haɗa jimla ba ta yi ta zuba, ta tsaya ta numfasa ta ci gaba, yatsanta yana bin hanyar da ke cikin hoton. Da ta gama ta juyo ta dubi Malama. Malama idonta a kan kati, kamar yadda aka umarce ta. Yarinyar ta miƙa hannu ta taɓa mata gwiwa, ta jira. Ta sake taɓawa.

Malama ta ɗan karkato ta saci kallona. Na girgiza kai alamar ban ji ba, sannan na ɗaga yatsa sama, wato ta ba ta maki kawai a wuce wurin. Wa zai bincika? Biro yana hannunta, ya kusa taɓa takarda. Ina jiran in ji na gode, mu je na gaba.

Ba ta faɗa ba. Ta ajiye biron, ta rufe akwatin katunan, ta kama hannun yarinyar ta miƙo mini.

"Mai da ta aji," ta ce. "Ta ba ni abu mai yawa, ban karɓa ba. Ba zan ce mata na gode ba."

Na damƙa yarinyar a hannun maigadi na bi Malama ofishin hedimasta da sauri. Hedimasta yana cike wasu takardu, ya ɗago.

"Malam, a nemi wadda za ta yi gwajin nan," ta ce. "Ni ba na ji. Na daɗe ba na ji."

Ya saki baki. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ya miƙe ya fara ɗaga murya, yana ware baki kamar mai kiran wani a hayin titi.

"Malama! Tun! Yaushe!"

"Kada ka wahalar da maƙogwaronka, Malam. Ka dube ni kawai ka yi magana yadda ka saba."

Ya koma ya zauna. Wallahi idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi da za a bar masa, da ba abin da zai canza. Amma ƙa'ida ta ce malamar aji ce mai gwaji, kuma dole ya sanar da ofis dalilin da ya sa aka sauya hannu. Ta ce ta sani, shi ya sa ta zo da ƙafarta.

Ni aka ba aji ɗaya, aka kawo wata sabuwa ta karɓi nawa. Ni na ƙarasa gwajin. Da aka sake kawo 'Yar Shiru ta nuna duk abin nuni, amma da na aza hoton matar nan ta ja bakinta ta tsuke. Na jira iya abin da aka yarda a jira, na rubuta ba ta amsa ba, na ce na gode, mu je na gaba. Maganar ta yi mini ɗaci a baki.

Ofis ba su kore ta ba. Sun ce a ba ta aikin da ba ya bukatar kunne har lokacin ritayarta ya yi. Da aka gama gwaji aka mai da siton ɗakin ajiye littattafai da kayan koyarwa, aka ba ta makullinsa. Ɗakin da ta share ta shafe da hannunta, shi ya zama wurin zamanta. Malamai kuma, tunda suka ji labari, kunya ta kama su. Wasu in sun gan ta sai su yi ta ihu da nuni da hannu har ta gaji ta kau da kai. Malamin lissafi in ya hango ta sai ya canza hanya. Da can suna ganin ta ƙi su ne, yanzu ba su san yadda za su tsaya a gabanta ba, duk dai ita kaɗai take shan shayinta.

Ta roƙi maigadi ya mai da madubin kan ƙusarsa. Daga inda take zama tana manna littattafan da suka yage, in ƙofa a buɗe take, madubin yana nuna mata filin makaranta da ƙofar aji ɗaya. Ni kuwa ina can ina fama. Na gwada durƙuson nan, gwiwoyina suka ce ba da su ba. Yaran suka gano ni ko ta ina aka kira ni ina ji, sai suka koma ƙwala mini kira daga kowace kusurwa. Kafin zangon ya raba, taɓa gwiwa ya ɓace daga ajin.

Wata rana bayan an dawo daga hutun tara, na duba na ga wurin 'Yar Shiru babu kowa. Na leƙa bayi, na leƙa bakin famfo, ban gan ta ba. Sai na ga ƙofar sito a buɗe.

Daga bakin ƙofa na tsaya. Akwatin katunan gwaji yana ƙasa a buɗe, don a nan ake ajiye shi. Yarinyar ta ba ni baya, tana riƙe da hoton matar nan a ƙirjinta. Malama Durƙusau tana kan gwiwoyinta a gabanta, fuska daidai da fuska. A cikin madubi ina ganin bakin yarinyar yana motsi, yana motsi, ba ya tsayawa. Na kasa kunne iya ƙarfina, ban tsinci komai ba. Na zuba wa leɓɓanta ido, nan ma ban gane komai ba, don ni ban iya ba. Fuskar Malama kawai nake iya karantawa. Ta ɗaga gira, ta gyaɗa kai, ta yi dariya a daidai inda yarinyar ta yi, sannan dariyar ta tsaya, hawaye suka gangaro ba ta share ba.

Da yarinyar ta gama, Malama ta riƙe hannayenta biyu.

"Na gode," ta ce. Ba ta ƙara komai a kai ba.

'Yar Shiru ta mai da katin cikin akwati, ta raɓa ta gefena ta koma aji da gudu. Na shiga, na zagaya gabanta.

"Yaya, me ta ce?"

Ta dubi bakina, ta goge fuskarta da gefen mayafi.

"Ni ta gaya wa."

Ta miƙo mini hannu na taimaka mata ta tashi, don gwiwoyin sun fara mantawa. Ta koma kujerarta ta jawo littafin da take mannawa. Na juya zan fita, hannuna ya kai kan ƙofa.

"Bar ta a buɗe, ƙanwata," ta ce, idonta a cikin madubi.